Sakan Biyun da Ban Ɗanɗana Ba

Ku samarin yanzu da kuke haɗa hoton biki a waya kuna tafe kuna cin gyaɗa, na ji abin da kuke faɗa a bayan idona. Wai Lawali ya tsufa, wai aikin da za a gama kafin shayi ya huce sai ya kwana biyu a hannunsa, wai duk inda hoto ya haɗu da hoto sai ya tsaya yana dubawa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ba ku yi mini ƙarya ba, kuma ba zan daina ba. Ku ba ni aron kunnenku in gaya muku abin da sakan biyu suka taɓa yi wa auren wata baiwar Allah a Bilbis. In dariyar ta rage muku bayan nan, sai ku ci gaba.

A Gusau na koyi aiki, a hannun Malam Bawa, bayan na baro Bungudu da riga biyu a leda. Kayan aikinsa injin bidiyo biyu ne da ƙaramar talabijin a tsakiya. Ɗaya yana karanta kaset, ɗaya yana ɗauka, kai kuma yatsanka yana kan maɓallin tsayarwa. In ka yi kuskure a minti na goma, ba ka gano ba sai a minti na hamsin, to aikin minti arba'in ya tafi, ka koma ka sake. Shekara guda na yi ban taɓa maɓallin nan ba. Aikina goge kan inji da auduga da naɗe wayoyi, in na naɗe ba daidai ba ya warware ya miƙo mini in sake.

Abin da ya fi koya mini ba a jikin inji yake ba. A ƙasarmu namiji ba ya shiga cikin gidan mutane da kyamara. Saboda haka kowane biki kaset biyu ne: na waje, wanda namiji ke ɗauka a ƙofar gida, da na ciki, wanda mace ke ɗauka a tsakar gida. Wajen haɗawa, na maza ne a gaba, sai shuɗin allo na minti guda cif, sannan na mata. Shuɗin nan shi ne sallama. Yana ba masu kallo a ƙofar gida lokacin kashe inji, su zare kaset su aika da shi ciki. Na taɓa ce masa minti guda ya yi yawa, ɓarnar kaset ne. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Bangon da ke tsakanin zaure da tsakar gida, ba kai kag gina shi ba. Ka bar musu abinsu cikin kaset."

Da aka yanke mana jiharmu daga Sakkwato, Gusau ta cika da ma'aikata, kowa da sunansa da walimarsa, kowa yana son ya ga sunansa yana yawo a talabijin da ruwan zinariya. Lokacin na buɗe nawa shagon, ƙanwata Luba tana ɗaukar mini na ciki. Na sayar da shanun huɗa biyu da na gada, na je Kano na ɗauko tsohuwar kwamfuta. Mutanen gidanmu suka ce na haukace. Na ce to, mahaukacin ya ji.

Ga yadda abin yake, tunda ku ba ku taɓa ganin irinta ba. A allon akwai wani dogon layi kamar igiyar shanya, a nan kake jera guntayen hoto ɗaya bayan ɗaya. Inda biyu suka haɗu, ko ka bar shi yanke tsaf, ko ka sa na farko ya narke a cikin na biyu, wannan yana ɓacewa wancan yana fitowa. Amma kwamfutar ba ta nuna maka narkewar nan take. Sai ta zauna ta lissafa hoton ɗaya bayan ɗaya tukuna. Renda ake ce wa wannan, mu a shago dahuwa muke cewa. Dahuwar aiki gaba ɗaya tana iya cin wuni, kuma cikin kwamfutar ba ya ɗaukar biki guda a lokaci ɗaya, sai kashi-kashi. To akwai wata 'yar sanda a saman layin da za ka ja ka rufe daidai wurin da kake shakka, ka danna, ta dafa maka wannan kaɗai ka gani. Shi muke kira ɗanɗano. Ɗanɗanon sakan goma, kana iya zuwa masallaci ka yi alwala ka yi salla ka dawo ka tarar bai nuna ba. Wanda bai iya jira ba bai iya aikin ba, ko da ya haddace kowane maɓalli.

Sai shekarar wahalar mai ta zo. Wuta sai ta yi kwanaki ba a kawo ba, gidajen mai kuma layi har ya sha kwana. Galan guda a hannun 'yan bumburutu, sai ka riƙe ƙirji kafin ka tambayi kuɗinsa. Kowane ɗanɗano ya zama fetur ne yake ƙonewa a kunnena. Na fara tsallakewa. In ina da haɗi goma, in duba biyu in ce sauran ma haka suke. Wata biyu ina yin haka ba abin da ya faru, har na fara ganin kaina gwani.

Aikin Bilbis bikin sunan ɗan Alhaji Bello ne, wani ma'aikacin gwamnati a Gusau da ya kai taron gidansu na gado. Ni na ɗauki waje, Luba ta ɗauki ciki. Da ya kawo kansa shago ya ce shi ba ya son irin na da, wannan sabon abin yake so, wanda hoto ke shiga cikin hoto. Da na ce masa to, na tsaya a kan tsarin Malam Bawa, da ba a yi komai ba. Amma ina son a san Bungudu ta haifi ɗa. Na tsinka kaset biyun na saƙa su cikin juna. Ana yanka rago a waje, ya narke ya koma mata suna daka. Liman yana shafa addu'a, ya narke ya koma jariri a hannun kakarsa. Haɗi ashirin da 'yan kai na yi. Na ɗanɗana uku, suka yi kyau, na sa wa sauran dahuwa gaba ɗaya.

Ranar juyewa a kaset, da na zauna gaban talabijin da na gani, domin aikin yana wucewa ne a idonka. Amma man ya yi ƙasa, janareta yana tari. In ya mutu a tsakiya, komai ya lalace. Sai na fita na durƙusa na karkata shi a kan gwiwata don ɗan sauran man ya gangara, Alhaji Bello kuma yana cikin mota yana danna mini oda. Haka na zauna har aka gama. Na zare kaset da zafinsa na miƙa masa ta taga.

Kwana huɗu bayan nan Luba ta shigo shago ko sallama ba ta gama ba. Ta ce, "Yaya, ka kashe aure."

Ga abin da ya faru. Alhaji Bello ya sa an fito da talabijin ƙofar gida bayan la'asar, maza suka taru, kowa ya san na waje ne a gaba. Ba a yi minti biyar ba sai ga matan gida a allo. Aka yi ca, ana a kashe, a kashe. Wanda ke kusa da injin ya rikice, maimakon ya kashe sai ya danna tsayarwa. Hoton ya daskare a tsakiyar wani haɗi. A gefe guda Balki ce, matar Sani ƙanen Alhaji Bello, mayafinta ya zame, tana dariya ta juyo dama. A ɗaya gefen wani mai tireda ne, Isiya, yana murmushi ya juyo hagu. Kumatu a jikin kumatu. Ni ban san su ba. Amma duk Bilbis an san Isiya ya nemi Balki kafin Sani ya aure ta.

Sani manomi ne, bai taɓa ganin kwamfuta ba. Abin da ya sani, kyamara ba ta ɗaukar abin da ba a yi ba. Bai furta saki ba, amma ya ce ta tafi gidansu sai ya neme ta. Ta tafi da goyon 'yarta a baya.

A ranar na sayi rabin galan na ja sandar nan a kan wurin, na yi ɗanɗanon da ya kamata in yi tun farko. Na gani da idona, kunya ta rufe ni har na kasa cin abinci. Na koma asalin kaset ɗin. Ita dariyar da take yi, jariri ne ya yi wa ungozoma fitsari a cinya. Shi kuma murmushinsa, mahauci ne yake miƙo masa tsiren hanta. Tsakaninsu akwai bango, akwai kusan awa uku.

Magana ta bazu har Tsafe, ta dawo Gusau da ƙari. Wasu na cewa injin Lawali yana tona asirin da ido bai gani ba, wasu na cewa yana haɗa matan mutane da maza. Ko wanne aka ɗauka, ni ne a ƙasa. Mutanen Rawayya suka aiko a ba su kaset ɗinsu haka nan ba a haɗa ba. Wani daga Wanke ya tsaya a bakin ƙofa ya ƙi shigowa, wai kada injin ya gan shi. Malam Bawa ya ce in sayar da kwamfutar in dawo kan inji biyu, mutane za su manta. Alhaji Bello ma ya zo, ya rufe ƙofa ya rage murya.

"Malam Lawali, ka yi kurum. Magana in ba a tanka mata ba mutuwa takan yi."

Na ce, "Alhaji, ta mutu ita da auren tare? Yarinyar nan hwa ba ta yi komi ba."

"Ni na san hakanan. Amma in ka tahi can, jama'a za su ce ni nis sa ka."

"Kai kac ce a narka, ni nin narka ban duba ba. Laihin nawa na. Zan tahi in hwaɗa da bakina."

Ya ce in na je aka fasa mini inji ba ruwansa. Na ce na ji. Ba zan sayar ba, ba kuma zan yi shiru ba. Kwamfutar ba ta yi laifin komai ba, abin da na jera mata shi ta dafa.

Na ɗauki shatar a-kori-kura. Janareta da talabijin da kyamara a baya, kwamfuta na naɗe ta da bargo na rungume a cinya, kowane rami a hanyar Tsafe sai na ji shi a haƙorina. Man da na samu bai kai rabin galan ba. Muka isa bayan azahar. Kawun Sani, dattijon gidan, ya yarda a yi zaman a zaurensa. Zauren ya cika har waje. Sani yana zaune ya haɗe rai. A bakin ƙofa wani tsoho siriri ya rakuɓe da sandarsa. Aka raɗa mini mahaifin Balki ne.

Na yi bayani iyakar iyawata, na ce kaset biyu ne, ni na haɗa su. Sani ya saurara har na gama, sannan ya ce, "In injinka na iya haɗa waɗanda ba su haɗu ba, ai yana iya raba waɗanda sunka haɗu. Wane za ni ɗauka?"

Wallahi tambayar mai hankali ce, ban raina ta ba. Wani daga baya ya ce to a sa kaset ɗin matan kowa ya gani. Na ce ba za a sa ba. Sau ɗaya na fito da matan gidan nan ƙofar gida, ba zan ƙara ba ko za a ƙone motar da na zo da ita. Aka fara hayaniya. Dattijon ya ɗaga hannu aka yi tsit.

Na ce, "Malam Sani, ka taɓa zuwa Makka?"

Ya ce, "Ba'a za ka yi min? Ko Kaduna ban taɓa zuwa ba."

"To zamna nan ka dubi wanga gilashi."

Na ɗauke shi da kyamara a gaban kowa, da hularsa da rigar gonarsa. Na zo da wani kaset na alhazai a filin Arfa, fari fat da harami. Na shigar da guntu daga nan, guntu daga can, na jera su a layi suna kallo. Na nuna musu da yatsa: ga Sani a zauren kawunsa, ga alhazai a ƙasa mai tsarki, ba abin da ya haɗa su. Na sa narkewa a tsakani, na ja sandar ta rufe wurin, na danna.

Sai jira. Ku da ba ku san jira ba, ba za ku gane ba. Wani ɗan zare ne a allo yake cika a hankali, kamar ana ɗura kunu a gora da cokali. Zufa ta jiƙa mini riga. Wani ya ce, "Halan aljanin nashi barci yakai." Aka yi dariya. Wani ya ce ƙarya ce ta ƙare, in tattara in tafi. Na ce ba inda za ni sai ya nuna. Zaren ya wuce rabi kaɗan, sai janareta ya fara tari a waje. Na san muryar nan. In na tashi na bar kwamfutar a cikin taron nan, hannu goma ne za su hau kanta. In na zauna, ya mutu. Na ɗaga murya na ce don Allah wani ya karkata injin nan ta wajen hagu, man ya gangara.

Ba wanda ya motsa sai tsohon nan na bakin ƙofa. Ya ajiye sandarsa, ya fita cikin rana, ya durƙusa ya ɗora janareta a kan gwiwarsa, hayaƙi yana bugun fuskarsa. Tarin ya tsaya. Haka ya riƙe shi har zaren ya cika.

Na danna. Ga Sani a talabijin yana muzurai. Sai farin harami ya fara fitowa ta cikin rigarsa, dutse ya bayyana a bayansa. Na tsayar da hoton a tsakiya, kamar yadda aka tsayar da wancan. Ga shi kafaɗa da kafaɗa da wani baƙon alhaji mai farin gemu, kai ka ce jirgi ɗaya ya kai su. Can dattijon ya gyara murya ya ce, "Alhaji Sani, barka da sauka. Ina tsarabarmu?"

Aka fashe da dariya har da masu riƙe ciki. Sani bai yi ba. Ya ce in sake. Na sake. Ya ce in ƙara, na ƙara. Ya matso ya sa yatsa a kan gilashin, daidai fuskarsa. Sannan ya juya wajen surukinsa, wanda ya dawo bakin ƙofa yana goge baƙin mai a hannu.

"Baba, yau kwananta nawa a gida?"

Tsohon ya ce, "Sha tara."

Sani ya sunkuyar da kai. Ya tashi ya ɗauko sandar tsohon daga ƙasa ya miƙa masa da hannu biyu. A makon nan aka je biko, Balki ta koma ɗakinta.

Kafin in bar garin na karɓi wancan kaset na fasa shi da dutse a ƙofar zauren. Na sake musu wani a Gusau: maza a gaba, shuɗin allo minti guda cif, sannan mata, kuma kowane haɗi sai da na dafa shi daban na kalla. Galan biyu ya ci. Aiki bai dawo mini sosai ba sai da damina ta zagayo, kuma har yau a Bilbis akwai masu kiran Sani Alhaji, alhali Allah bai kira shi ba tukuna. Na aika Luba ta roƙar mini Balki gafara. Ta saurare ta, ta ba ta ruwa, ta raka ta ƙofa, ba ta ce komai a kan maganar ba.

Shekaru suka wuce. Kaset ya mutu, faifai ya zo shi ma ya mutu. Ranar nan Luba ta zo mini da saƙo. 'Yar da Balki ta goya zuwa gidansu a wancan lokacin ce za a aurar, samari masu waya sun yi ta kai kansu, uwar ta ce a'a. Ta ce, "A kira wancan na Gusau. Shi wuta ta taɓa cin hannunai, shi ka buɗe tukunya shi duba."

Na je na yi aikin. Kwamfutar yanzu ba ta sa ka jira, kana jerawa tana nunawa, amma duk da haka kowane haɗi sai da na tsayar da shi a tsakiya na ƙare masa kallo. Da na zo kan abin da Luba ta ɗauko daga cikin gida, na bi shi daga farko har ƙarshe ina neman uwar amarya. Awa biyu ne. Ga ƙawaye, ga gwaggonni, ga kakanni, har maƙwabta. Sau ɗaya kawai na ga wani hannu da lalle ya shigo ta gefe ya ture kyamarar a hankali. Luba ta ce hannun Balki ne.

Uwar amarya ce, kuma babu fuskarta a hoton auren 'yarta. Wannan aikina ne, na sakan biyun da na ƙi ƙona wa fetur. To ku je ku ci gaba da cewa Lawali yana da nawar aiki.